Amsa ga mai tambaya kan kogon Sarawak

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka ce ka ga hoton wani makeken kogo na ƙasar Malesiya, kana so ka san ko gaske ne ko haɗin kwamfuta, kuma ko ana shiga. Gaske ne, ni kaina na shiga lokacin da nake karatu a can.

Sarawak Chamber ake ce masa, yana gandun dajin Gunung Mulu a tsibirin Borneo. Daga garin Miri ƙaramin jirgi ake hawa, tafiyar kamar rabin awa. Wasu Turawan Ingila uku, Andy Eavis da Dave Checkley da Tony White, su suka gano shi a 1981. Tsawon zauren mita 600 ne, faɗinsa ya haura 400, ba ginshiƙi ko ɗaya. Dutsen irin wanda ake yin siminti da shi ne. Ruwan sama in ya ratsa ruɓaɓɓen ganyen daji yakan ɗan yi tsami, shi ke cin dutsen sannu a hankali.

Sai dai kada hoton nan ya ruɗe ka, da manyan fitilu aka ɗauke shi. Mu tun asuba muka tashi, muka yi wajen awa uku a daji, matsattsaku na maƙale mana a ƙafa. Daga nan muka bi wani rafi cikin dutse, ruwa wani wuri har ƙirji, wani wurin kuma sai da igiya. Da muka isa, jagoranmu ya ce mu ɗaga kai. Na haska fitilar goshina, hasken ya tafi bai dawo da komai ba. Ba bango, ba rufi. Ya sa muka kashe fitilun, na kai tafina dab da hancina ban gan shi ba. Ɗigar ruwa kawai nake ji daga nesa. Wallahi jikina ya yi sanyi, ban san lokacin da na fara tasbihi ba.

Jagororin ba sa kai baƙo sai ya fara gwada kansa a ƙaramin kogo, kuma in an yi ruwa sosai fasa tafiyar ake yi, don rafin na cika nan take. In da iyali za ka, Deer Cave, wani kogo a gandun dajin nan, ya fi muku. Hanyar katako ce kilomita uku, da yamma kuma jemagu miliyoyi ke fitowa kamar hayaƙi. Ka tafi da takalmin da ba ya santsi, don kashinsu ya jiƙe ko'ina.