Amsa ga ɗan'uwan da yake son yin gini a bakin fadama

Salamu alaikum jama'a. Naga tambayar da ƙaninmu ya ajiye tun shekaranjiya, cewa ya samu fuloti mai araha a gefen garinsu ta ɓangaren fadama, dillali ya rantse masa ruwa baya zuwa wajen, yana tambaya wai takardar mai unguwa ta isa ya fara gini ko sai ya nemi izinin hukuma tunda ƙauye ne. Naga wasu sun ce masa "ka gina kawai, waye zai tambaye ka a ƙauye", shine nace bari in yi magana don ni abin ya ci ni, kuma har yau ban gama farfaɗowa ba.

Ni mutumin ƙasar Auyo ne, a nan aka haife ni a nan nake noman shinkafa. Na sayi fili irin naka a 2017, cikin watan Maris lokacin ƙasa ta bushe ƙamas har ta dare, ka kalli wajen ka rantse ko an yi shekara ana ruwa ba zai kwanta ba. Ashe wannan darewar ma ita ce shaidar da ya kamata ta tsayar da ni, ƙasar da take tsagewa da rani laka ce, kuma laka ruwa ne ya kwantar da ita a wajen ba iska ba. Ban kula ba. Na yi ɗaki biyu da zaure na tubali, nayi rufin kwano, na tare da iyali. A 2018 ruwa ya zo bakin katanga ya koma, muka ce Allah ya tsare. A 2020 ya shigo tsakar gida ya kwana tara. 2022 kam ba'a magana, cikin dare muka fita da yara a kafaɗa, sati uku muna ajin firamare mu da wasu gidaje, da na dawo ɗaki ɗaya ya zauna gaba ɗaya, ɗayan kuma bangon ya buɗe har kana hango waje.

To maganar takarda. Dokar filaye ta 1978 wadda aka yi zamanin mulkin soja na Obasanjo ita ce har gobe ake aiki da ita, kuma ta raba abin gida biyu, filin da aka ayyana a matsayin birni yana hannun gwamna, shi ke sa hannu a satifiket ɗin mallaka, wanda ba birni ba kuma ƙaramar hukuma ce ke da ikon bada shaidar mallaka ta gargajiya. Kaga kenan takardar mai unguwa ko ta dagaci shaida ce cewa anyi ciniki, wane ya sayar wa wane a gaban su wane, tana da amfani sosai ranar da magada suka taso maka ko maƙoci ya ci iyaka, amma ba ita ce izinin gini ba kuma bata ce wajen ya dace da zama ba. Mai unguwa bai auna tudu da kwari ba, shi dai yasan gonar gidan su wane ce. Sannan ka bincika da kyau, wasu garuruwan da muke kira ƙauye musamman hedikwatar ƙaramar hukuma da kewayenta an riga an sa su cikin lissafin birni, a nan maganar ta koma ma'aikatar ƙasa da safiyo da hukumar tsara birane. A Kano hukumar tsara birane ta KNUPDA ce ke duba taswirar gini ta bada izini, mu a Jigawa akwai hukumar raya birane ta jiha. Akwai ma dokar tsara birane da yankuna ta tarayya tun 1992 da tace duk mai son yin gini ya nemi izini tukunna. Dokar tana nan, ba wai babu ba.

Abin da yake faruwa a zahiri shine ba wanda zai zo ya tsayar da kai ranar da kake haƙa harsashi. Kana iya gamawa ka yi fenti ka tare ba ka ga ma'aikaci ko ɗaya ba. Ranar da za ka san da dokar ita ce ranar da ruwa ya ci gari, kwamiti ya fito zagaye, aka ce duk gidajen da ke kan hanyar ruwa a sa musu jan fenti. A ranar ne za'a tambaye ka ina takardarka, kuma a ranar ne zaka ji bambancin wanda yake da shaidar ƙaramar hukuma da wanda yake riƙe da fallen takardar awon igiya. Ko a doka ma in gwamnati ta karɓi fili don amfanin jama'a, diyyar abin da ka gina ko ka shuka ake lissafawa, to ina ga wanda ya gina inda aka ce kar a gina. Ni da gidana ya faɗi an zo an rubuta sunaye har sau biyu, wani ma'aikaci ya ɗauki hotona a gaban ɓaraguzan, abin da ya iso hannuna daga baya tabarma ce da gidan sauro da ɗan abin da ba zai kai sati ba. Ban ce ba'a taimaka wa kowa ba, amma kar ka sa tallafi a lissafin gininka.

Don haka shawarata ka je sakatariya, sashen filaye, ka ce kana son a duba maka wajen kafin ka biya sauran kuɗin. Ka tambaye su kai tsaye, wajen nan yana cikin tsarin gari ko kuwa hanyar ruwa ce, burtali ne, makiyaya ce, ko filin da aka taɓa tashin mutane daga kai. Wannan na ƙarshen yana da muhimmanci, don akwai wuraren da bayan ambaliya aka ba mutane fili a tudu aka ce su tashi, suka karɓi na tudun, bayan shekara biyu uku da ƙasa ta bushe sai su juya su sayar da tsohon ga baƙo irinka. In bakin babban titin gwamnatin tarayya ne kuma ka sani mita 45 da ɗoriya daga tsakiyar titi kowane gefe ba naka bane ko waye ya sayar maka.

Amma wallahi ko sun buga maka hatimi goma, ruwa baya karatu. Binciken da yafi na ofis shine wanda zaka yi da ƙafarka. Kar ka sayi fili da rani, in ma ka saya kar ka zuba bulo ko ɗaya sai ka ga wajen a ƙarshen Agusta zuwa tsakiyar Satumba, don mu nan ruwan da yake kashe mu ba na saman kanmu bane kawai, na kogi ne da yake isowa daga baya, wani lokacin rana tana ƙwalla sama tas babu hadari sai kaga ruwa yana tahowa ta gonaki a hankali kamar maciji. Ruwan da aka yi a kudancin Kano shi ke cika dam ɗin Tiga da na Challawa, in sun cika suka yi amai ya biyo ta Wudil, ya ratsa Ringim da Taura, ya wuce Miga, Auyo, Kafin Hausa, Hadejia, ya gangara Kirikasamma da Guri. Duk wanda yake wannan layin ya san zancen.

Ka duba jikin bishiyoyi da tsofaffin katangu na kusa, ruwa yana barin zane, zaka ga layi inda launin ya canza. Ka duba irin ciyawar da ke wajen, in kaga kachalla ko alamar an taɓa shinkafa ko ƙwanson dodon koɗi a ƙasa to ka samu amsarka. Ka nemi tsoho wanda bashi da ko sisi a cinikin, ba ɗan'uwan mai filin ba, ka zauna da shi bayan la'asar ka tambaye shi ina ruwan 2012 ya tsaya, ina na 2022 ya tsaya. Mata ma sun fi riƙe wannan, su suka kwashe kaya, zata nuna maka daidai inda ya kai a jikin randa. Kuma ka tambayi kanka me ya sa kakanninmu da suke da fili har ba su san iyakarsa ba suka cunkushe a kan jigawa suka bar wannan wajen fili fetal. Ba don basu da ido bane.

Sai dai a nan ma akwai gyara, maganar tsofaffi kaɗai bata isa ba yanzu don kogin ya canza hali. Tunda aka yi Tiga a shekarun 1970 aka ƙara Challawa a farkon shekarun 1990 ruwa ya daina ƙafewa gaba ɗaya da rani a wasu rassan, kachalla ta samu wajen zama ta toshe hanyoyi, yashi da laka suka taru, sai ruwa ya riƙa neman sabuwar hanya. Akwai gonar da mahaifina ya yi gero a cikinta muna yara, yau kwalekwale ake sawa a wajen da damina. Ga kuma namu laifin, kududdufan da aka haƙa aka gina garin da ƙasarsu sune ma'ajiyar ruwan gari, yanzu duk an cike su da shara an yanka fulotai. Ga titi da za'a ɗaga sama a sa masa kwalbati ɗaya ƙarama, ya zama jinga, ɓangare ɗaya a bushe ɗayan tafki. Ka duba filin naka yana wane ɓangaren titi. Yashe kogi da ake yi da injina da jingar da ake ɗaurawa suna rage abin, na gani da idona, amma jinga buhu ne da ƙasa, mun sha kwana a kanta da fitila muna toshe ɓaraka.

In kuma ka duba duk wannan kaga wajen irin wanda ruwa ke taɓawa sama-sama ne ba kwanciya yake ba, kuma baka da halin wani, to ka kashe kuɗinka a ƙasa ba a sama ba. Kuskurena kenan, na matsu in ga kwano yana ƙyalli. Ginin ƙasa ba daga sama yake mutuwa ba, gindinsa ne ke shan ruwa ya jiƙe ya zama kunu sai nauyin sama ya danne shi, ruwan ba sai ya kai gwiwa ba, ya dai kwana biyu uku a jikin bango. Ka haƙa harsashi har ka samu ƙasa mai ƙarfi, a zuba kankare, a tada shi da bulo mai inci tara a cika ramukan da kankare, ka ɗaga shi ya wuce zanen ruwan da ya fi kowanne tsawo da ka gani a unguwar da aƙalla layi biyu, a shimfiɗa leda a yi dipisi, wato shimfiɗar da ke hana laima hawa bango, sannan a ɗora. Ko da tubali zaka ƙarasa sama saboda tsadar siminti, gindin dai ya zama na siminti. Kuma bulon kasuwa ka yi hattara, wasu buhu ɗaya suke fitar da hamsin har da ɗori, ka murza da yatsa yana zuba, gara ka sayi siminti ka kira mai bugawa ka tsaya a kansa kuma a shayar da shi ruwa kwanaki. Cikon ɗaki da jar ƙasa ko yashi, a daddaɓe shi kashi-kashi, kar a cika da lakar wajen ko shara don zata zauna daɓen ya fashe. Bakin kwano ya fito sosai yadda ruwan sama ba zai riƙa dukan bango ba.

Masai kuma shi mutane suke mantawa. Ranar da ruwa ya shigo shine farkon abin da yake cika ya dawo da abin da ke ciki tsakar gida ya gangara rijiya, daga nan sai amai da gudawa, mu a makarantar da muka zauna abin da ya fi ba mu tsoro kenan ba yunwa ba. Ka ɗaga bakinsa sama, a gina ramin da bulo kar ya rufta, kuma ya yi nesa da rijiya kamar mita 30 in fili ya bari. Rijiyar ma a ɗaga mata baki a yi mata murfi. Rumbu da turken dabbobi su samu waje mafi tudu a gidan.

Wani abu da zai iya haɗa ka da mutane, in ka yi ciko ka ɗaga gidanka ruwan da yake bi ta nan ba ɓacewa zai yi ba, gidan na ƙasa da kai zai faɗa. Na ga maƙota biyu da suka shekara ashirin suna cin tuwo tare sun ƙare a gaban alƙali saboda tifa huɗu ta ƙasa. Kafin ka zuba ka kira mai unguwa da maƙotan a tsaya a wajen a yarda ga ta inda ruwa zai bi, a bar masa lambatu, in da hali a rubuta a sa hannu. Kuma kar ka ci hanya da katanga ko da taku ɗaya ne, lungunan nan da muke raina su sune magudanar gari.

Shi kuma dillalin da ya rantse maka, ka ce masa a rubuta a takardar ciniki a gaban shaidu cewa in ruwa ya kwanta a filin a daminar bana za'a dawo maka da kuɗinka, tunda a musulunci ma ɓoye aibin kaya haramun ne. Ka kalli fuskarsa lokacin da kake faɗa. Ni nawa da na koma masa bayan gidan ya faɗi cewa yayi ai ruwa na Allah ne, kuma gaskiya ya faɗa, sai dai shi gidansa yana kan tudu.

Ka riƙa sauraron rediyo kuma, NiMet, hukumar yanayi ta ƙasa, suna fitar da hasashen damina tun farkon shekara, hukumar NIHSA mai lura da ruwan koguna ma tana fitar da jerin ƙananan hukumomin da ke cikin haɗarin ambaliya kafin ruwa ya sauka, ka ji ko taku tana ciki. Ni yanzu ina gina wani a bayan gari ta arewa kan yashi, filin rabin wancan ne kuma kuɗinsa ya ninka, shekara biyu kenan ina kan linta. Tsohon kuma na mayar da shi gonar shinkafa, bara buhu shida na samu a inda gadona yake. In ka faɗi sunan garin naku da ɓangaren da filin yake, akwai 'yan wannan layin da yawa a nan, wani zai gaya maka ko ya taɓa shiga wajen da kwalekwale.