Hukuncin Sallar Mai Aikin Taruka da Kwanan Tanti a Lokacin Hutu

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗalibi ne. A hutun bazarar bana na sami aikin wucin gadi a wajen masu shirya taruka: mu kafa rumfuna, mu jera kujeru, mu raba abinci, mu kwashe kaya bayan an watse. Sau da yawa azahar da la'asar suna riskata ina tsaye. Ƙarshen mako kuma mukan fita da tsofaffin abokaina mu kafa tanti a bayan gari, mu kwana biyu ko uku muna hirar yaushe gamo, har asuba ta sha kuɓuce mana. Shin zan iya yin ƙasaru da haɗa salloli har hutun ya ƙare?

Amsa: Wa alaikumus salamu wa rahmatullah. Allah Ya yi wa nemanka albarka, ɗana. A taƙaice, babu rangwame guda da zai lulluɓe maka hutun gaba ɗaya. Kowane sauƙi a shari'a da sababinsa yake tafiya, kuma tambayarka ta haɗa halaye uku da hukuncinsu ya bambanta.

Mu fara da aiki a cikin gari. A nan kai mazauni ne, babu ƙasaru ko kaɗan, komai gajiya. Allah Ya ce a Suratun Nisa'i, aya ta 103, salla farilla ce mai ƙayyadadden lokaci a kan muminai. Game da haɗawa, Muslim ya ruwaito daga Ibn Abbas cewa Annabi (SAW) ya haɗa azahar da la'asar, da magariba da isha'i, a Madina ba tare da tsoro ko ruwan sama ba. Da aka tambayi Ibn Abbas dalili, ya ce don kada ya ƙuntata wa al'ummarsa. Malamai da yawa sun fassara wannan da jinkirta azahar zuwa ƙarshen lokacinta, a kawo la'asar a farkon nata, kowace ta faɗa a mazauninta. Ibn Sirin da Ash'hab, almajirin Imam Malik, sun halatta haɗawar ta gaske saboda buƙata, da sharaɗin kada ta zama al'ada. Abin da nake ba ka fatawa da shi: tun kafin a fara aiki ka gaya wa shugabanku kana buƙatar 'yan mintoci, ku yi karɓa-karɓa da abokan aiki, kuma ka riƙe alwalarka. Raka'a huɗu ba ta kai minti goma ba. In aikin ranar ya yi tsanani, ka yi waccan jinkirtawar. Haɗawa ta gaske ka bar ta sai ranar da ka rasa kowace mafita. Juma'a kuwa tana kanka muddin kana gari, don haka ka nemi a tsara maka aiki da saninta.

Akwai abin da ba ka tambaya ba, amma ba zan tsallake shi ba. In taron ana shan giya, kada hannunka ya ɗauke ta ko ya miƙa ta, domin hadisin da Tirmizi ya ruwaito daga Anas ya sa mai ɗauka da mai shayarwa cikin waɗanda aka la'anta. Ka nemi a mayar da kai ɓangaren rumfa ko kujeru.

Sai kwanan tanti. Fita daga gida kaɗai ba ta mayar da mutum matafiyi. A mazhabar Malik, da ta Shafi'i da ta Ahmad, nisan ƙasaru mil 48 ne, wato kilomita 80 da 'yan kai. In wurin ya kai haka, kuma ba ku yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku ba, ku mayar da azahar, la'asar da isha'i raka'a biyu-biyu daga lokacin da kuka wuce gidajen gari. Shehu Khalil a Mukhtasar, littafinsa na fiƙihun Malikiyya, ya ware mai tafiyar saɓo da mai tafiyar wasa zalla daga wannan sunna, amma fitar da aka yi don sada zumunci da hutawa ta halal ba na ganin ta shiga ciki. In kuwa wurin kusa ne, ku cika sallarku. Ku tafi da ruwan da zai ishe ku sha da alwala. In ya yi ƙaranci har kuna tsoron ƙishirwa, taimama ta halatta bisa aya ta 6 a Suratul Ma'ida.

Asuba ce ta fi damuna a duk tambayarka. Ziyarar aboki don Allah ibada ce, ban hana ku hira ba. Sai dai Bukhari ya ruwaito daga Abu Barza cewa Annabi (SAW) yana ƙin barci kafin isha'i da hira bayanta, kuma daren bazara gajere ne. Ka dubi abin da ya faru a hanyar dawowa daga Khaibar, shekara ta 7 bayan hijira, kamar yadda Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira. Da suka yada zango, Annabi (SAW) ya sa Bilal gadin alfijir. Bilal ya yi nafila gwargwadon iko, ya jingina da raƙuminsa, barci ya sace shi, ba wanda ya farka sai da rana ta doke su. Suka matsa gaba kaɗan, aka yi alwala, aka tayar da iƙama, aka yi sallar. Ba a kama su da laifi ba domin sun yi tanadin mai tashin su. Wanda ya raba dare yana hira, ya san ba zai tashi ba, bai saita ƙararrawar waya ba, bai sa kowa gadi ba, ba zai fake da wannan hadisi ba.

Saboda haka ku naɗa shugaba a tsakaninku, kamar yadda hadisin Abu Dawud ya umarci mutum uku in sun fita tafiya, ku ɗora masa yanke hira da tayar da mutane. Asubahin da suka wuce ka kuwa ka rama su yanzu, kada ka jira ƙarshen hutu, ka kuma yi istigfari a kan waɗanda sakaci ya jawo.

Wallahu a'alam.