Sarar Maciji da Zubar Jini a Gonar da Ke Nesa da Asibiti

Tambaya: Gonarmu tafiyar awa biyu ce a babur daga gari. Dattawa kan ce in maciji ya sari mutum a ɗaure ƙafar tamau da roba, a tsaga wurin, a tsotse dafin. Haka ne? Daga wani manomi a Billiri, jihar Gombe.

Amsa: Malam, don Allah a bar wannan. A yankinku kububuwa ce ta fi sarar mutane, wadda wasu ke kira gobe da nisa, kuma dafinta hana jini daskarewa yake yi. In aka sa reza, an buɗe wa jinin ƙofar da ba za ta rufu ba. Ɗaurin roba kuwa tsayar da jini yake yi, naman ya ruɓe, har ta kai ga yanke ƙafa. Tsotsa da ɗora baƙin dutse a wurin ba sa fitar da dafi.

A janye wanda macijin ya sara daga wurin, kada a ɓata lokaci wajen farautar macijin. A cire masa zobe, agogo da takalmi kafin kumburi ya taso. A ɗora sanda a gefen ƙafar, a naɗe da zane sako-sako don kada ta motsa, kuma kada ya taka. A babur, a sa shi tsakanin mutum biyu. Don zafi a ba shi farasitamol kaɗai. Asfirin, ibuprofen da diclofenac suna ƙara zubar jini. In yana amai, a kwantar da shi a gefensa.

Abin da ya fi cutar da mutane shi ne jira. Mutum zai ce ya ji sauƙi, sai washegari jini ya ɓullo ta dasashi ko fitsari. A asibiti akan zuba jininsa mililita 2 a busasshiyar kwalbar gilashi a jira minti 20. In bai daskare ba, allurar kashe dafi yake buƙata. Asibitin sarar maciji na Kaltungo yana kusa da ku.

Tambaya: In adda ta sari mutum a cinya jini yana tsartuwa fa? Nan ma ba a ɗauri? Daga wata uwa a Zariya.

Amsa: Hajiya, nan ɗauri kan ceci rai. A fara danna wurin da tsumma mai tsabta, da ƙarfi, minti 10 ba ɗagawa. In ya jiƙe a ɗora wani a kai. In jini ya ƙi tsayawa, a samo ƙyalle mai faɗin yatsu uku, ba igiya ko waya ba, a ɗaura shi santimita 5 zuwa 7 a saman raunin, amma ba a kan gwiwa ba. A sa sanda a ƙullin a yi ta murɗawa har jinin ya tsaya, sannan a ɗaure sandar. Zai yi zafi sosai, amma kada a sassauta a hanya. A rubuta lokacin da aka ɗaura, domin bayan awa biyu haɗarin lalacewar ƙafar yana ƙaruwa. A lulluɓe mutumin da bargo, kuma kada a zuba toka, ƙasa ko man birki a raunin.

Murɗa sandar nan sai hannu ya saba. Ƙungiyar Red Cross tana koyar da agajin gaggawa a jihohi, ya kamata ƙungiyoyin manoma da na mafarauta su tura mutanensu kafin damina ta kama.