Amsa: Hira a WhatsApp kana ƙirga kuɗin POS

Ɗan'uwa, ka ce kana sana'ar POS a Babbar Kasuwar Sakkwato, kullum da yamma lissafi ba ya cika, alhali kana ganin ka iya haɗa hira a waya da sallamar mutane. To, taura biyu ba ta taunuwa. Ƙwaƙwalwa ba ta yin ayyuka biyu masu buƙatar tunani a lokaci guda, tsalle take yi daga wannan zuwa wancan, kuma kowane tsalle yana cin lokaci. Wani bincike a Jami'ar Stanford a 2009 ya gano cewa masu yawan haɗa kafofin sadarwa sun fi sauran kasawa wajen watsar da abin da bai shafi aikinsu ba.

Ƙirga kuɗi ya fi komai shan wahala, domin adadin da ka kai, a ƙwaƙwalwa kake riƙe da shi. Saƙo na shigowa kana kan dubu talatin da bakwai, ka ɗago kai, adadin ya gudu, sai ka ci gaba da zato.

Ka kife wayar hira, ka kashe ƙararta. Mutum ɗaya, ciniki ɗaya: duba adadi a allon na'ura, jira takardar shaida ta fito, ƙirga sau biyu a gabansa, rubuta a littafi, sannan ka kira na gaba. Saƙonni ka tara su, ka duba bayan Azahar da bayan La'asar, minti 10 kowane. Rediyo can ƙasa-ƙasa ba laifi, amma ka rage shi idan kuɗin ya haura dubu hamsin.