Kafin ka sallama jitar kawu, juya bayanta tukuna

Wa alaikumus salam ƙanena. Allah ya jiƙan kawu, ya kyautata namu zuwan. Ka ce ya bar jitar bes a ɗakinsa a Yelwa, mai siffar gogen Turawa, ba ta da nauyi, cikinta fanko ne, an rubuta Höfner a kanta. Wani daga Jos ya taya, kai kuma kana so ka san ko ta asali ce kafin ka ce albarka ko ka sallama. Na yi shekaru ina kaɗa bes a bukukuwa daga nan Bauchi har Gombe, irin waɗannan jitoci sun ratsa hannuna, don haka bari in faɗa maka abin da na gani.

Sunan da ke kan jita shi ne abu na ƙarshe da nake yarda da shi. Mai fenti a Wunti zai rubuta maka shi kafin ka gama shan shayi. Kifa ta, ka dubi inda wuya ya haɗu da jiki. Ta asalin, wato samfurin 500/1 na kamfanin Höfner na Jamus, wadda aka fara nunawa a baje kolin Frankfurt a 1956, da gam ake haɗa wuyanta, ba ƙarfe ba sukuru. In ka ga farantin ƙarfe da sukuru huɗu, magana ta ƙare, kwaikwayo ce, kuma galibi ta Japan. Sannan dubi fuskarta. Duk da cikinta fanko ne, ta asali ba ta da ramukan nan biyu masu lanƙwasa da ake yi wa gogen Turawa. Da yawa daga cikin kwaikwayon suna da su, wai don ado.

Dalilin yawan kwaikwayon sananne ne. Paul McCartney na ƙungiyar mawaƙan Ingila Beatles ya sayi tasa a Hamburg a 1961 kan wajen fam 30. Bahago ne, ya ga jitar da gefenta biyu iri ɗaya ne, ko ya juya ta ba za ta yi muni ba. Da suka yi suna, kowane yaro mai makaɗa ya so irinta, sai masu ƙera jita irin su Teisco da Greco da Aria a Japan da Eko a Italiya suka shiga ƙerawa. Mafi yawan waɗanda na taɓa gani a coci-coci da wajen tsofaffin 'yan bandi na ƙasar nan irin waɗannan ne. Waccan ta McCartney kuwa an sace ta a 1972, sai a 2024 aka sanar ta koma hannunsa, abin da ya sake tayar da dillalai.

To, a ce wuyan na gam ne. Kada ka yi murna tukuna, don Höfner da kanta tana ƙera masu araha a Sin yanzu, su ma da gam. Nan sai shekaru su yi magana. Fikof biyun nan, wato maganaɗisun da ke ɗaukar sautin tsirkiya, a ƙirar 1961 suna kusa da juna ta wajen wuya, daga 1962 aka raba su, ɗaya ya koma wajen jaki. Farantin maɓallai yana da na murɗawa biyu da na turawa uku. In ka kwance shi a hankali, ka haska tocila a bayan na murɗawan, sau da yawa za ka ga lambar mako da shekarar da aka yi su. Da ita ake gane shekarun na Jamus, tunda da yawansu ba su da lambar jiki ko kaɗan. Na Amurka ma haka: 1376612 na nufin kamfanin CTS da ya ƙera maɓallin, shekarar 1966, mako na 12. Ka shinshina cikin kuma. Tsohon katako da tsohon gam suna da wari irin na adakar kaka, sabon banish bai iya kwaikwayonsa.

Na ambaci Amurka ne don akwai dangin masu faɗin jiki da ramuka biyu, ko wani a nan zai ci karo da su a gwanjo. Gibson EB-2 ta fito a 1958, Epiphone Rivoli ta biyo a 1959, masana'anta ɗaya a Kalamazoo, kuma akwai gungumen katako a tsakiyar cikinsu, ba fanko ba ne gaba ɗaya. Fender Coronado ta 1966 kuwa wuyanta na sukuru ne tun asali, saboda haka dokar da na ba ka a sama ba ta hau kanta ba.

Yanzu abin da ya fi damuna. Ko ta Japan ce, kada ka bari kowa ya gyara maka ita. Ni na yi wannan wauta. Na kai tawa wurin wani kafinta don fentin ya tsattsage, ya bi ta da samfefa, ya shafe ta da banish na ƙofa tana ƙyalli kamar sabuwar kujera. Kuɗinta ya faɗi, ni kuma har yau kunnena na gaya mini muryarta ta dushe. Tsattsagewar nan da ke ba ka kunya, ita mai saye ke nema. Kuma kada ka cire tsirkiyoyi huɗun lokaci ɗaya. Jakin ba a manne yake ba, kamar na garaya, tsirkiya ce ke danne shi, in ya gusa sautin ya karkace har sai an mai da shi gurbinsa daidai.

Hunturunmu shi ne babban abokin gabarta. Katakon siriri ne, iskar Janairu na busar da shi ya tsage, zafin Afrilu kuma ya saki gam ɗin wuya har tsirkiya ta yi nisa da yatsu. Sassauta tsirkiyoyin kaɗan, sa ta a akwatinta, nesa da taga da jikin bango saboda gara.

Kafin komai, ka ara amfilifaya ka ji ta ko sau ɗaya. Tsawon tsirkiyarta inci 30 ne, na yawancin bes ɗin Fender 34, shi ya sa sautin ke fitowa dum, gajere, mai kauri, ya mutu da wuri kamar bugun ganga. Kada ka ƙure murya, fankon zai kama sautin lasifika ya dinga kuka. A fili wajen biki wannan kukan ya sha ba ni kunya, amma a cikin ɗaki bayan isha'i ban ji bes da ta kai ta daɗi ba.

Mutumin Jos ka ce masa ya dakata. Wanda ya taso tun daga can da kuɗi a aljihu ya ga wani abu. Turo hoton bayan wuyan, da na fikof ɗin, da na lambar bayan maɓallan, mu duba tare.