Ku Tambayi Anti: Ban iya iyo ba, in bi ƙawaye tuƙin kwale-kwale a Kogin Nilu?

Assalamu alaikum Anti, fatan kina lafiya ya aiki ya yara. Ni ɗaliba ce ina karatu a Kampala, shekarata ta biyu kenan a Uganda. Ƴan ajinmu sun haɗa kuɗi za a je garin Jinja da ke bakin Kogin Nilu bayan jarabawa a shiga wannan kwale-kwalen roba da ake bi da shi ta inda ruwa ke tafasa yana kumfa, shi dai wanda suke ce wa raftin. Wallahi Anti raina na so, kullum in na ga bidiyon sai in ji kamar in yi tsuntsuwa, amma matsalar ban iya iyo ba ko kaɗan, ruwa mafi zurfi da na taɓa shiga shi ne na baho. Ga kuma maganar hijabi ban san ya zan yi ba, sannan ban gaya wa Mama ba don ita ko gada za a tsallaka sai ta yi ta salati, balle da labaran kifewar jiragen ruwa da ake ji a gida. In je ko in haƙura?

Ɗiyarki, daga Kampala

Wa alaikumus salam ɗiyata. Ruwan baho ya ban dariya, Allah ya shirye ki. Toh bari in fara da abin da ya fi damunki, shi rashin iya iyo ba shi ke hana mutum shiga ba, amma shi zai yanke wane irin ruwa za ki shiga. Masu harkar sun kasa ruwa mataki shida. Na 1 da na 2 ƴar girgiza ce kawai, na 3 igiyar ruwa ce mai ƙarfi za ki jiƙe sharkaf ki yi ihu ki dawo kina dariya, na 4 da na 5 kuwa ba wasa, nan ne jirgi ke kifewa, na 6 ba a kai baƙi ko da kuɗinsu. Jinja ta yi suna ne da mataki na 5, kuma na san halin samarin aji, shi za su ce a zaɓa saboda hoto. Ke kam ki nemi ta mataki na 3, ko wadda suke yi wa iyalai da yara, babu wani abin kunya a ciki.

Na taɓa shiga sau ɗaya, ni ma jan ni aka yi, shi yasa nake miki magana da ƙarfin gwiwa. Mun bar Kampala da sassafe ta Mukono muka ratsa dajin Mabira, tafiyar wajen kilomita 80 ce amma go-sulo kan sa ta yi tsawo. Abin da ban sani ba sai da na je, ruwan Nilu a wajen ba irin rafukanmu ba ne masu duwatsu a fili, shi yawa gare shi da zurfi, daga Tafkin Biktoriya yake fitowa kai tsaye kuma ba shi da sanyi sosai. Wannan zurfin shi ya sa in an faɗa ba a cika buguwa da dutse ba, amma fa shi ya sa igiyar ke iya ɗaga jirgi da mutum takwas ta juye shi kamar faifai. Da can daga gangaren ruwa na Bujagali ake farawa, sai aka gama dam ɗin Bujagali a 2012 ruwa ya shanye gangaren, aka koma ƙasa, sannan dam ɗin Isimba a 2019 ya sake haɗiye wasu. Wanda ya rage mai ban tsoro shi ne gangaren Itanda, mu da muka iso sai aka ce kowa ya fito, muka zagaye farkonsa ta bakin gaɓa da ƙafa ana ɗauke da jirgin, ƙarar ruwan kaɗai ta sa ƙafata rawa.

Kafin a kai ku wajen igiya za a tsaya a ruwa mai kwanciya a koya muku komai, har a kifar da jirgin da gangan don ku san yadda abin yake. Don Allah nan ne za ki buɗe kunne, ba lokacin salfi ba ne. Ki je wajen jagoran jirginku ki ce masa ƙiri-ƙiri ban iya iyo ba, kar ki ji kunyar ƴan aji, shi ya san inda zai zaunar da ke kuma zai sa ido a kanki. Rigar ruwan nan, layif jaket, ki sa a ɗaure miki ita tamau har ki ji kamar ta matse ki, gwajinta shi ne a kama kafaɗun a ja sama, in ta haura kunnenki to ba ta ɗauru ba. Da ita ake kamawa a jawo mutum cikin jirgi. Hular kwano ma haka. Filafilin tuƙi kuma kar ki saki kansa, yawancin fashewar leɓe a jirgi ba ruwa ke yi ba, filafilin maƙwabci ne.

In kin faɗa, kuma ki sa a ranki za ki iya faɗawa, abin da za ki ji shi ne duhu da ƙara da ruwa a hanci, ni dai na ɗauka minti biyar na yi a ƙasa, da na ga bidiyon ashe ƴan daƙiƙoƙi ne. Rigar za ta taso da ke sama ko ba ki yi komai ba. Ki kwanta rigingine, ƙafafu a gaba suna kallon inda ruwa ya nufa, ki ja numfashi a tsakanin igiya da igiya. Babban kuskure shi ne ƙoƙarin miƙewa tsaye a ruwa mai gudu, ƙafa na iya maƙalewa a dutse ruwa ya danne mutum. Akwai masu ƙananan kwale-kwale na mutum ɗaya da ke bin ku don ceto, ɗaya zai zo ki kama hancin jirginsa. Kafin ku biya ko sisi ki tambaya ko kamfanin na da su, da jirgin ko-ta-kwana wanda mai tsoro ke komawa ciki in an zo wuri mai wuya. In suka fara kame-kame ko kuɗinsu ya yi arha fiye da kima, ku bar su, arha ba ta ado.

Maganar sutura ba wuya. Dogon hijabi da abaya da zani ki bar su a jaka, yadi mai yawa in ya sha ruwa nauyi yake yi kuma yana iya sarƙewa a igiyar jirgi. Ki sa dogon wando na motsa jiki, riga mai dogon hannu wadda ba ta shara-shara in ta jiƙe, da ƙaramin hijabin nan mai kama kai da ke shiga ƙarƙashin hula, ki cusa bakinsa cikin riga, banda fil ko allura. Ki tafi da busassun kaya na canji da na sallah, da man kare rana don ranar wajen tana ƙuna ko da baƙar fata. Sannan abin da ba a cika faɗa ba, akwai tsargiya a ruwan yankin musamman inda ya kwanta, bayan kamar wata biyu ki je asibiti a duba ki, maganinta ba wuya.

Sai Mama. Gaskiya ban goyi bayan ki ɓoye mata ba, kuma tsoronta ba na banza ba ne, mu da muke jin abin da ke faruwa a Neja da Kebbi da Sakkwato. Amma ki nuna mata bambancin, can jirgin katako ne a cika shi maƙil da mutane da buhuna da babura, sau da yawa ba mai rigar ruwa ko ɗaya. Ki tura mata bidiyon mataki na 3, ba na 5 ba don Allah. In ta ce a'a ki haƙura, ki bi su Jinja ki hau jirgin yawo zuwa mafarin Nilu, ki ci rolex ɗinki, wato wainar ƙwan nan tasu da ake naɗewa cikin gurasa, a bakin ruwa ki riƙe musu wayoyi.

*

Anti barka da aiki. Mu ma muna son gwada irin wannan a Gurara da damina, muna da tib na tayar tirela guda uku. Ya kika gani?

Ƙaninki, daga Suleja

Kai ƙanina rufa mana asiri. Gurara da damina ruwa ne ke faɗowa daga sama kan duwatsu, ba jagora ba mai ceto ba hula, tib kuma dutse ɗaya zai fasa shi. Ku je ku yi kallo daga nesa ku ɗau hoto, tib ɗin ku mayar wa mai faci.