Asusun da aka buɗe a laftof ya ƙi shiga foldar ofis: ina mafita?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ke kula da kwamfutocin wani ƙaramin kamfanin safarar kaya a Agege. Muna da saba, wato babbar kwamfutar ofis, mai Windows Server da domen (tsarin da ke haɗa kwamfutoci da asusun ma'aikata ƙarƙashin kulawa ɗaya), kuma foldojin rasit da lissafi duk suna kanta. Maigida ya sayo wa sababbin ma'aikata laftof a Computer Village, Windows Home ce a kansu, sun ƙi shiga domen. Na buɗe wa kowa asusu a laftof ɗinsa, amma da na je saba don in ba su izinin folda, sunayensu ba sa fitowa. Wani abokina ya ce in buɗe wa rukunin Everyone, wato kowa da kowa, kawai in huta. Ya zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Sabarka lafiyarta ƙalau, kuma ko ka kwana kana neman sunayen nan ba za su fito ba. Asusun da ka buɗe a laftof yana zaune ne a wani ɗan rumbu na cikin laftof ɗin da ake kira SAM, ba wanda ya san da shi sai ita. Asusun domen kuwa yana cikin Active Directory, wato rajistar asusu da ke kan sabar domen, kuma duk kwamfutar da ta shiga domen ta yarda da shi. Windows ba ta duba suna wajen ba da izini, wata doguwar lamba take dubawa mai suna SID, wadda ta fara da S-1-5-21. Lambar asusun laftof daga laftof ta fito, saba ba ta da inda za ta tabbatar da ita. Kamar mutum ne ya je ƙofar tashar jiragen ruwa ta Apapa da katin ƙungiyar 'yan kasuwar Mile 12: katin na gaske ne, sai dai mai gadin ba shi da rajistar da zai duba.

Ƙin shiga domen ma ba lalacewa ba ce. Windows Home ba ta shiga domen, sai Pro ko Enterprise ko Education.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, ba dole sai kwamfuta ta shiga domen ba kafin mai ita ya buɗe folda. Abin da saba take so shi ne sunan da ta sani da kalmar sirrinsa. Don haka ka buɗe wa kowane ma'aikaci asusunsa a Active Directory, ka ƙirƙiri rukuni, misali Lissafi, ka zuba su ciki, sannan ka ba rukunin izini a folda. A laftof kuma mutum ya ci gaba da shiga da asusunsa na gida yadda ya saba. Sai ka buɗe Credential Manager, ka shiga Windows Credentials, ka ƙara sunan saba, ka rubuta sunan mai asusu da sunan domen a gaba, kamar OFIS\musa, da kalmar sirri. In ka fi son baƙin allo, wato Command Prompt, wannan ya wadatar: net use Z: \\saba\rasit /user:OFIS\musa * kuma tauraron nan na ƙarshe shi ke sa ta tambayi kalmar sirri ba tare da ta bayyana a allo ba. Kada ka manta sunan domen ɗin, don in ka rubuta musa zalla, laftof na iya aika shi a matsayin nata asusun, saba ta ƙi.

Wajen izini ne ake yawan tuntuɓe, domin ƙofa biyu ce. Akwai izinin da ke ƙarƙashin Sharing, akwai na ƙarƙashin Security, kuma wanda ya fi tsanani a cikinsu shi ke aiki ga mai shigowa ta netwok. In ka ba rukuni Modify a Security amma Sharing yana kan Read, akawu zai buɗe rasit ya karanta, ya zo ajiye gyara ta ce masa a'a, ya kira ka yana faɗa. Ka duba duka biyun. Full Control kuma ka bar wa masu kula da saba, domin mai shi yana iya sauya izinin kowa.

Akwai wata tsohuwar dabara da za ka ji a bakin masu gyara a Ikeja: a buɗe asusu a saba mai suna ɗaya da kalmar sirri ɗaya da na laftof, sai folda ta buɗe ba tambaya. Tana aiki, ta hanyar NTLM, tsohuwar hanyar da Windows ke tantance mai shiga. Amma ranar da ma'aikaci ya sauya kalmar sirri a gefe ɗaya, ƙofa ta rufe. Kuma in sabar da ke riƙe da foldojin ita ce ke riƙe da domen, wanda shi ne halin yawancin ƙananan ofisoshi masu saba ɗaya, to ba ta da asusun gida irin wannan, duk asusun da ka buɗe a kanta na domen ne. Ga shi Microsoft ta sanar a 2024 cewa ta daina ci gaba da gina NTLM. Ni dai ba zan dogara da wannan dabara a kan lissafin kamfani ba.

Shawarar abokinka kuwa, ba za ta ma kai ka inda kake so ba. Tun zamanin Windows XP rukunin Everyone bai haɗa da wanda ya zo ba suna ba, don haka sai ka kunna asusun Guest, wato na baƙo, kafin ta yi aiki, kuma Windows 11 ta 24H2, a Pro da Enterprise da Education ban da Home, tana tilasta sa hannun tsaro a kan SMB, hanyar da Windows ke raba folda, abin da shigar baƙo ba ta iya yi. In ka bi duk ka kashe waɗannan matakan tsaro, duk wanda ya samu kalmar wayifai ɗin ofis, har yaron da ya zo cajin waya, yana iya buɗe foldar albashi. In fayil ya ɓace kuma, ba sunan da za ka gani a rajista. Haka nan kada ka ba su asusu ɗaya su raba, saboda ranar da aka sallami mutum ɗaya sai ka zagaya kowace laftof.

In ka ga kuskure mai lamba 1219, laftof ɗin ta riga ta haɗu da saba da wani suna ne, galibi naka da ka gwada da shi. Rubuta net use * /delete ka sake shiga. In kuma ba ta ganin saba da suna, duba DNS ɗin laftof, wato inda take tambayar adireshin kwamfuta da sunanta, wataƙila yana nuni ga rawutar intanet maimakon sabar domen.

Ka kuma faɗa wa maigida cewa ɗaga laftof ɗin zuwa Pro da lasisi na gaske ba ya buƙatar goge komai, lambar lasisi kawai za a sa a Settings. Daga nan sai su shiga domen, Group Policy, wato dokokin da sabar domen ke aika wa kwamfutoci, ta riƙa haɗa musu foldojin da kanta duk lokacin da suka shiga.